Dajin Lekki: Hanyar da kaka da jika za su iya takawa tare

Bari in fara da tambaya, kuma ka ba kanka amsa ta gaskiya: yaushe rabonka da ka yi tafiyar minti 30 a ƙasa, ba don kana saurin kama mota ba? Idan a Legas kake zaune, ko a Agege ne ko Idi-Araba ko Mile 12, na san amsar da yawanmu. Daga ƙofar gida sai keke, daga keke sai danfo, daga danfo sai bencin shago, a nan za a wuni har magariba. A koma gida a gajiye liƙis, amma gajiyar zama ce da ta gosulo, ƙafa ba ta yi aikin komai ba.

Abin da ya sa na kawo maka wannan magana shi ne, kwanakin baya likita ya auna mahaifina ya ce jininsa ya hau. Ya rubuta masa magani, ya ce ya rage gishiri, sannan ya riƙa tafiya a ƙasa kullum. Magani dai ya karɓa, gishiri ma an rage bayan doguwar muhawara da masu girki. Da aka zo kan tafiya sai ya dube ni ya ce, "A ina? A titin nan da babu gefen masu tafiya, ga kwata a buɗe, ga 'yan keke suna goga maka ƙarfe a gwiwa?" Ban iya musa masa ba. Wannan fa mutum ne da a ƙuruciyarsa yake taka sayyada daga ƙauyensu zuwa cin kasuwa ya dawo a rana guda. Shekarun zama a shago sun sa yanzu hawa gadar tsallaka titi ma sai ya tsaya ya huta a tsakiya.

Shi ya sa wata Asabar na kwashe shi da yarana biyu da mahaifiyarsu muka nufi Lekki Conservation Centre, wato cibiyar kare muhalli ta Lekki. Ina so in zagaya da kai wurin, domin ina jin akwai wani a gidanku da yake bukatarsa.

Ina ne wurin?

Yana kan babban titin Lekki zuwa Epe, daura da ofishin kamfanin Chevron. Idan daga Agege ko Mile 12 ka taso, za ka bi gadar Third Mainland ka sauka tsibiri, sannan ka miƙe hanyar Lekki. Idan motar haya za ka hau, daga Obalende ka nemi mai zuwa Ajah, ka ce a sauke ka a wajen Chevron. Ka yi sammako. Wanda ya bar gida da sassafe ranar Asabar zai tsira daga cunkoso, kuma zai iske dajin da sanyinsa.

Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wato NCF, ita ce ta kafa wurin a 1990 da tallafin Chevron. Gidauniyar kuwa marigayi Cif Shafi Lawal Edu ne ya assasa ta a 1980, kuma ba baƙuwa ba ce a Arewa, domin ta daɗe tana aiki a fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai suke zuwa cin rani. Faɗin filin Lekki hekta 78 ne, wato ya ɗara filin ƙwallo 100. Lokacin da aka killace shi, yawancin yankin fadama ne da kurmi da ƙauyukan masunta. Yau rukunan gidaje da manyan kantuna sun zagaye shi ta ko'ina. Abin da za ka gani a ciki shi ne ragowar yadda Lekki take kafin siminti ya cinye ta.

Ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, na yara bai kai na manya ba. Tun kafin ka gama biya za ka fara ganin masu gida: ɗawisu na yawo a harabar yana jan jelarsa kamar ango, ga wani tsohon kunkuru da yara ba sa gajiya da kallonsa.

Hanyar katako

Abin da ya kawo mu shi ne hanyar da ta ratsa dajin. An shimfiɗa ta da katako a kan ginshiƙai, ta ɗaga sama da ruwan fadamar, tsawonta kusan kilomita 2. Babu tudu, babu gangare, babu yashin da ƙafa za ta nutse, babu mota, babu keke, babu mai yi maka oda a baya. Akwai wuraren hutawa a kan hanya. Ga mai ƙarfi a jika wannan ba wani abu ba ne. Amma ga dattijo mai ciwon gwiwa, ko mai ciki, ko wanda ya tashi daga jinya, ko mai jiki da yake jin nauyin a gan shi yana haki a titi, shimfiɗaɗɗiyar hanya ita ce bambancin fita da zaman gida.

Taku kaɗan za ka yi ka ji ƙarar titi ta fara yin baya. Itatuwa sun haɗe a sama, rana ba ta samunka sai ɗigo-ɗigo. Dama da hagu ga tukurwa da kwakwar manja da kurangar daji sun sarƙe. A ƙarƙashinka ruwa ne baƙi wuluk, ba don datti ba, ganyayen da suka ruɓe a ciki ne suka rina shi kamar shayi. Iskar tana da ɗanshi da ƙanshin ƙasa. Mahaifina ya tsaya ya shaƙa ya ce rabonsa da jin wannan ƙanshin tun fadamar garinsu.

Ba za ka yi nisa ba birai za su tare ka. Irin da ake kira mona ne, na kurmin Afirka ta Yamma, sun bambanta da jan birin da muka sani yana ɓarna a gonakin Arewa. Bayansu ja-ja ne mai duhu, ƙirjinsu fari tas, kuma idan ɗaya ya juya za ka ga tabo fari guda biyu a gindin wutsiyarsa. Garke-garke suke yawo. Suna da 'yar jaka a cikin kumatu inda suke cusa abinci su gudu da shi su ci a saman itace. Ka tsaya ka kalli uwa da ɗanta manne a cikinta tana tsalle daga reshe zuwa reshe, ko biyu suna yi wa juna tsifar gashi, za ka gane dalilin da Bahaushe ya ce biri ya yi kama da mutum.

Sauran dabbobin ba su da rawar kai irin ta biri, sai ka yi haƙuri. Akwai kada a fadamar, amma yakan kwanta shiru kamar gungume, idanu kawai a saman ruwa. Akwai guza, akwai macizai, akwai gada da mazo waɗanda ba kasafai suke bari a gan su ba. Tsuntsaye kuwa kunnenka zai riga idonka samunsu. An yi wata 'yar rumfa ta leƙen tsuntsaye, inda za ka zauna su ba su gan ka ba kai kana ganinsu. A nan ne 'yata ta fara nuna mana wani ƙaramin tsuntsu mai shuɗin baya da dogon baki, ya faɗa ruwa ya fito da kifi kafin ƙiftawar ido. Wanda ya zo da hayaniya da waƙa a waya, biri kaɗai zai gani. Wanda ya yi shiru ya rage sauri, shi daji yake nuna wa kayansa.

Ka lura da abin da yake faruwa da jikinka a wannan lokaci. Kana tafiya, kana tsayawa, kana ɗaga kai, kana sake tafiya, hankalinka yana kan reshe ba ya kan gwiwa. Mutumin da ya ce ba zai iya minti goma ba, sai da muka shafe kusan awa guda a kan katakon nan. Sau biyu ya zauna, kuma duk a cewarsa don jikoki su huta ne. Kilomita 2 taku ne kimanin 2,500 zuwa 3,000. Da a titi aka ce ya yi su, da ya ƙirga kowanne.

Gadar sama ba dole ba ce

Abin da ya fi yi wa wurin suna shi ne gadar da aka rataya a saman itatuwa. Tsawonta mita 401, ana kiranta mafi tsawo irinta a Afirka, kuma inda ta fi tsayi ta kai mita 22 da rabi daga ƙasa, kusan bene hawa bakwai. Siririya ce, mutum ɗaya-ɗaya ake bi, da raga a gefe, tana lilo idan ana takawa. Kuɗinta daban ne, kuma akwai ƙa'idar shekaru ga yara, ka tambaya tun a ƙofa don kada a yi kuka a gindin gada. Daga can sama za ka hango kan itatuwa kamar koren bargo, bayansu kuma rufin gidaje iya ganinka.

Shawarata a nan ita ce, kada ka bari hoton waya ya ja ka. Mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai yawan jiri, mai farfaɗiya, mai tsohon ciki da mai tsoron bisa, duk su haƙura. Idan ka hau ba a juyowa cikin sauƙi, akwai mutane a bayanka. Uwar yarana ta hau ta sauko tana dariya ƙafa na rawa. Ni da Baba muka bi ta ƙasa, kuma babu abin da muka rasa. Lafiyar da muka zo nema tana kan hanyar ƙasa.

Bayan kurmin za ka fito wani fili mai ciyawa da sarari, nan ne dandalin iyali. Akwai rumfuna, akwai tafkunan kifi, akwai wasannin da aka zana a ƙasa manya-manya, irin su ludo da dara ta Turawa, inda yaro da kansa yake zama ɗan wasan. A nan za ku shimfiɗa tabarma ku ci guzurinku.

Abin da tafiya take yi wa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Idan ka raba, minti 30 ne a rana, kwana biyar. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 a kullum. Wanda ya kai 65 ana so ya haɗa da atisayen da zai ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa, don gudun faɗuwa. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, mutum kimanin biliyan 1.8, ba sa kai wannan mizani.

Mene ne matsakaici? Ga ma'auni mai sauƙi: idan kana tafiya kana iya hira amma ba za ka iya rera waƙa ba, to ka kai. Idan magana ma ta gagara, ka yi yawa, ka sassauta.

Tafiya a kai a kai tana sa jijiyoyin jini su saki, zuciya ta riƙa tura jini ba da wahala ba. Ga mai hawan jini, wato wanda awonsa yake kai 140 bisa 90 ko fiye, motsa jiki na yau da kullum yakan sauke lambar sama da kimanin 5 zuwa 8. Ga mai ciwon suga, tsokar ƙafa idan tana aiki tana jan suga daga jini, shi ya sa 'yar tafiya bayan cin abinci take da amfani. Tana taimaka wa barci, tana rage damuwa, tana hana gwiwa sandarewa. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: tafiya abokiyar magani ce, ba ta maye gurbinsa. Kada wanda ya ajiye ƙwayarsa don ya fara zagaye.

Kafin ku fita

Idan a cikinku akwai mai ciwon zuciya, ko wanda ya daɗe bai motsa ba kuma yana da hawan jini ko suga, ya fara jin ta bakin likitansa. Ya sha maganinsa na safe kamar kullum, ya karya kumallo. Mai suga da yake shan magani ko allura ya sa dabino ko alewa a aljihu, saboda idan ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi da yunwa farat ɗaya, alamar suga ya sauka ne. Idan an dawo gida ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, domin ƙaramin ƙurji a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne. Duk wanda ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri, ya tsaya nan take a nemi asibiti, kada a ce bari a ƙarasa.

A sa takalmi sau-ciki mai kama ƙasa. Silifa da takalmi mai tsini ba na wurin nan ba ne, musamman idan an yi ruwa, katako yakan yi santsi. Uwargida, idan doguwar riga ko zane za ki sa, ki ɗan ɗage shi daga ƙasa, kuma goyo ya fi riƙon hannu ga yaron da bai iya tafiya sosai ba. A riƙe ruwan sha. A shafa maganin sauro a hannu da ƙafa, fadama ce, kuma a fito kafin yamma ta yi. Daga Nuwamba zuwa Maris ne ruwa yake ɗaukewa a Legas, lokacin ya fi daɗin zuwa. Yuni da Yuli kuwa sai da lema.

Sai maganar birai, kuma ita ce na fi so ka gaya wa yara tun a mota. Kada a ba su abinci, kada a riƙe leda ko ayaba ko kwalbar lemo a fili, a zuge komai cikin jaka. Sun saba da mutane, ba su da kunya, kuma fizge suke yi. Idan biri ya kama abin hannunka ka sakar masa, kada ka yi kokawa da shi. Idan tsautsayi ya sa ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, saboda cizon dabba yana iya ɗauke da cutar haukan kare da wasu ƙwayoyin cuta. Ba su abincinmu su ma cutar da su yake yi, yana lalata musu ciki, yana koya musu roƙo da ƙwace. Kada a zura hannu ko ƙafa cikin ruwa, kada a sauka daga kan hanya. Shara kuma a dawo da ita cikin jaka.

Me ya sa wurin ya dame mu?

Wataƙila ka ce, fili mai tsada haka a tsakiyar Lekki a bar wa birai? Ka tuna fadama soso ce. Idan aka yi ruwa ita take shanye shi ta sake shi a hankali. Inda aka cike ta da yashi aka yi gini, ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya shiga falo. Mazauna Lekki da Victoria Island ba su manta da ambaliyar Yulin 2017 ba. Itatuwan kuma suna rage zafi, kai da kanka za ka ji bambanci da zarar ka fito bakin titi. Sannan akwai yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda suka san kunkuru da gada da kada a tatsuniya kawai. Ɗana ya tambayi kakansa ko gadar nan ita ce wadda ake cewa ana ba ta ruwa. Dariyar da Baba ya yi, da labarin farautar ƙuruciya da ya biyo baya har muka iso gida, sun isa kuɗin motar.

Bayan an dawo gida

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce, zuwa Lekki sau ɗaya ba ya sauke jinin kowa. Wurin yana da nisa ga yawancinmu, ga kuɗin mota da na ƙofa, ba wanda zai je kullum. Amfaninsa shi ne ya nuna wa mutum cewa ƙafarsa tana nan da sauranta. Daga nan sai a nemi na kusa. Mutanen Agege da Ogba suna da wuraren shaƙatawa na Ndubuisi Kanu da Johnson Jakande Tinubu a Alausa. Na Idi-Araba da Mushin ga harabar babban filin wasa na Surulere, inda jama'a suke motsa jiki da safiyar Asabar. Idan a Abuja kake, ga Millennium Park da aka buɗe a 2003 da shimfiɗaɗɗun hanyoyinsa, ga bakin tafkin Jabi. A Ibadan ga lambun Agodi. Idan duk babu, akwai filin makarantar unguwa, akwai layinku da asuba kafin 'yan keke su fito.

A fara da minti 10, bayan mako a ƙara biyar. Sannu ba ta hana zuwa. A nemi abokin tafiya, domin wanda ake jira a ƙofa ba ya komawa barci. Mata su haɗa kansu biyu ko uku, maƙwabciya da maƙwabciya. Kuma a ba ido aikin yi, kamar yadda daji ya koya mana: ko a Agege akwai shirwa da balbela da tattabaru, akwai ƙadangare a kan katanga, akwai itacen da ya yi fure jiya bai yi ba shekaranjiya.

Mahaifina yanzu yana zagaya filin wata makaranta a bayan layinmu kafin ya buɗe shago. Ba kullum ba, ranar da aka yi ruwa ko gwiwa ta motsa yakan ce a bar shi. Maganinsa yana sha, awo yana zuwa. Makon jiya ya kira ni ya ce, "Wai yaushe za a koma wajen biran nan? Ka ce wa Goggonka ta shirya, ita ma likita ya yi mata magana."

Kai ma ka duba gidanku. Wa likita ya ce ya riƙa tafiya, ya ce babu wuri? Ka zaɓi Asabar ɗaya, ka gaya masa tun yau ya nemo takalminsa. Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.